Mai Huda Wa Kyanwa Ƙofa

A ƙauyen nan namu na arewacin Holan, in ka ga ƙofar gida da wata 'yar ƙaramar ƙofa a gindinta, mai marfin da ke lilo, ba sai ka tambaya ba, aikin Douwe Hiemstra ne. Kafinta ne ɗan kafinta. Ubansa da sassaƙa jiragen ruwa ya yi suna, shi kuwa abin da ya fito da shi ke nan, huda wa kyanwa hanya.

Yana da shekara ashirin da uku ya huda ta farko, a ƙofar gidansa, satin da ya auri Hiske. Amarya ta tare da akwati biyu da wata mage mai kukan tsiya, wadda in tana ciki waje take so, in tana waje ciki take so. Kwana uku ango yana tashi ya buɗe, ya zauna, ya sake tashi. A na huɗu ya ɗauko zarto. Hiske ta sha kuka, ta ce ya lalata ƙofar da ubanta ya ba su. Kafin wata ya mutu maƙwabta biyar sun zo suna roƙo a lalata musu tasu.

Tun daga nan bai huta ba. Ba ya taɓa ƙofa sai an kawo masa kyanwar ya auna ƙugunta, sannan ya ƙara yatsa biyu, wai saboda gaba, don kyanwa ba ta ramewa a garin nan. Sunayen jikokin mutane kan ɓace masa, na kyanwoyinsu ba sa ɓacewa. Yana kuma da wata magana da ya yi ta maimaitawa har kunnuwan gari suka gaji: kare bawa ne, kyanwa baƙuwa ce, kuma ba a taɓa jin inda mai gida ya kulle baƙo a ɗaki ba.

Nasa baƙon na yanzu wani ƙaton jan muzuru ne da ya raɗa wa suna Magajin Gari, saboda yana cin mai kyau, yana zaga gari yana duba al'amura, kuma babu wanda ya taɓa ganin ya yi aiki.

Gida ɗaya ne a layinsu da zarton Douwe bai taɓa ba, gidan amininsa Auke. Benci ɗaya suka zauna a firamare. Auke ya ƙare ƙarfinsa a tuƙa motar madara, da matarsa ta rasu kuma ya tattara sauran ransa ya ba tsuntsayen fadama masu dogon baki da dogayen ƙafafu, waɗanda ake kira grutto. A ƙasa suke sheƙa, cikin ciyawa. Kowace bazara Auke kan bi filayen manoma yana kafa sanda kusa da sheƙa don mai injin yankan ciyawa ya kauce, in an ƙyanƙyashe ya sa wa kowane ɗan tsako zobe mai lamba a ƙafa.

Kowace Alhamis da ƙarfe goma na safe Auke kan jingine kekensa a katangar Douwe. A zuba kofi, a buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, a rufe. Shekara hamsin ba fashi, kuma ba a taɓa ɗaukar biyu ba. Daga nan sai gardama.

"Wata uku kacal na ce, Douwe. Ku tsare kyanwoyinku a gida har 'ya'yan tsuntsayen su tashi sama. Iyayen nan tun daga Afirka suke tasowa, su zo nan wani ƙaton banza da ya ƙoshi da abincin gwangwani ya cinye musu 'ya'ya don nishaɗi."

"Ka je ka kulle hankaka tukuna. Ka kulle injin ciyawa. Magajin Gari? Dube shi fa. Wannan ko ɓera ya zo ya kwanta masa a kwano, sai dai ya matsa masa."

Douwe ya yarda da wannan har zuciyarsa. A wurinsa muzurun nan kyanwar Lami ne, ba cizo ba yakushi.

Sai wata Alhamis a ƙarshen watan Mayu, goma saura kaɗan. Hiske tana kicin tana dafa kofi, Douwe yana jera kofuna a tebur. Marfin 'yar ƙofa ya yi ƙwas, Magajin Gari ya shigo da taƙama, ya ajiye wani abu a kan takalmin maigidansa, ya koma gefe yana jiran yabo. Ɗan grutto ne, ya fara fiffike, ya riga ya mutu. A ƙafarsa ga koren zobe.

A daidai lokacin kuma Douwe ya ji ƙarar keke ana jingine shi a katanga.

Mutum mai hankali da ya fita da tsuntsun a hannu ya ce, Auke, ga abin da ya faru. Douwe ya waiga hagu, ya waiga dama, ya buɗe gwangwanin biskit ya jefa gawar a ciki ya danne marfi.

Auke ya shigo fuska a sake, abin da rabonsa da shi tun rasuwar matarsa. "Kai tsoho, albishirinka! Ka tuna sheƙar nan ta bayan coci? Huɗu aka ƙyanƙyashe, inji ya ci ɗaya, hankaka ya ɗauki biyu. Na huɗun yana nan daram! Lamba talatin da bakwai. Kwana uku nan gaba zai tashi."

"Madalla," in ji Douwe, gwiwar hannunsa a kan gwangwani.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hiske ta zuba kofi ta koma, Auke ya kurɓa, ya dubi gwangwani, ya dubi abokinsa. Douwe ya shiga zancen ruwan sama. Ya yi zancen sabon fasto. Gumi yana bin bayan wuyansa.

"Wai yau ba biskit ne?"

"Ya yi sanyi. Kuma ma a shekarunka zaƙi ba ya yi maka kyau."

"Shekaruna? Da wata biyu ka girme ni! Shekara hamsin kana ba ni guda ɗaya kamar magani, yau shi ma ka ga ya yi yawa?"

Hiske ta jiyo daga kicin, ta fito tana goge hannu. "Douwe, me nake ji? Jiya na cika shi. Ɗaga hannunka." Bai ɗaga ba, ta fizge. "Rowar tsufa ce ta kama shi, Auke, yau biyu za ka ci." Ta buɗe, ta miƙa masa har gaban hanci ba tare da ta leƙa ba.

Auke ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Ya sa tabarau, ya juya zoben ya karanta: talatin da bakwai. Sannan ya zaro hankicinsa ya naɗe tsuntsun a hankali, ya tashi. "Na gode da kofi, Hiske." Douwe ko kallo bai ishe shi ba.

Alhamis ta zagayo, an jera kofi uku, biyu aka sha. Ta sake zagayowa, haka. Douwe ya yi ta kare kansa a gaban Hiske, wai halin dabba ne, wai hankaka ya ci biyu ba wanda ya yi fushi da shi.

"Hankaka bai ɓoye masa a gwangwani ba," in ji ta.

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Kunya ta hana shi ci, kewar abokinsa ta hana shi zama. Ya je gidan Auke ya ƙwanƙwasa, shiru, alhali ga keke a jingine. Ya sunkuya don ya yi magana ta 'yar ƙofa, kamar yadda yake yi a gidajen kurame na garin, sai ya tuna a wane gida yake, gidan da bai taɓa hudawa ba. Ya miƙe da ƙyar yana dafa baya.

Douwe bai iya ban haƙuri da baki ba, abin da ya iya shi ne katako. Washegari da sassafe ya kulle Magajin Gari a ɗakin wanki, ya ciro ƙofar gidansa ɗungurungum daga jikin bango, ya kwantar da ita a kan benci a bakin hanya, inda Auke ke wucewa zuwa fadama. Ya yanko katako daidai ramin kyanwar. Aikin minti goma ne. Auke bai biyo ta nan ba. Douwe ya mayar da ƙofa. Kashegari ya sake cirowa. Maƙwabta suka fara fitowa da kofunansu suna kallo, daga ciki kuwa Magajin Gari yana rusa ihu, ya gama da labule ya koma kan tawul.

A safiya ta uku keke ya tsaya.

Auke bai sauka ba. Ya dubi ƙofar, ya dubi hannuwan Douwe da yakushi ya yi wa zane-zane. "Katakon ya karkace."

"Idonka ne ya karkace."

"Me ya sa ba ka buga ƙusa ba?"

"Ta murɗawa zan sa. A cire in lokaci ya yi. Ɗaya ga Yuli."

"Sha biyar."

"Haba Auke! Kana jin yadda yake yi? Ba za mu kai sha biyar da rai ba."

"Sha biyar. Kuma kowace shekara."

Douwe ya dubi ramin da ya huda da hannunsa yana ango. Ya ɗora katako, ya murɗa ƙusoshi huɗu, ya ɗaure su tamau. "Ban san yadda zan gaya maka ba ne ranar nan," ya ce, idonsa a kan aikin. "Na ga kana murna."

Auke ya miƙo hannu. "Kawo sukudireban. Ban yarda da kai ba. A wurina zai zauna, ran sha biyar in zo da kaina in kwance."

Douwe yana da sukudireba sun fi arba'in rataye a shagonsa, kuma Auke ya sha ganinsu. Ya goge wannan da gefen rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.