'Yan Tsakin Inna da Fankar Motar Baba

Wata Laraba ce a bazarar da nake aji huɗu, muna dawowa daga Jos a babbar motar da Baba yake tuƙawa. A kan cinyata akwai kwalin 'yan tsakin da Inna ta daɗe tana burin soma kiwo da su a gidanmu na Gwallaga, har ta share musu akurki ta shimfiɗa ɓuntu. Zafi ya yi tsanani, gaban motar kamar tanda. Abin da ke riƙe da ransu wata 'yar fanka ce da ake soka fuloginta a ramin kunna sigari.

Mun wuce Nabordo ke nan Baba ya shaƙi iska, ya ce yana jin ƙaurin roba. Ya taɓa fulogin da bayan hannu, ya janye da sauri, ya gangara gefen titi ya zare shi. Da fankar ta tsaya, tsakin suka buɗe baki suna haki, kukansu ya yi ƙasa. Na cire hulata na dinga yi musu fifita, ina kuka, ina cewa ya mayar da ita haka nan mu tafi. Ko kallona bai yi ba. "Abin da ya yi zafi magana yake yi, Sabo. Bari mu ji ta bakinsa."

Ya cire kan batir, ya leƙa ramin ya ga tsatsa da ƙura. Ya yage gefen kwalin ashana ya naɗe a tsinke ya goge cikin ramin har ya yi haske. Ya kwance kan fulogin, ya ɗan buɗa ƙarafan gefensa da suka saki don su kama sosai, ya yanke wayar inda ta yi baƙi ya sake ɗaurewa. Wani direba da ya tsaya ya ce ya naɗe fis ɗin da ke yanke wuta in ta yi yawa da takardar sigari kawai ya huta. Baba ya yi dariya. "A kai kasuwa, maigida. Ni ban shirya gasa kaji da mota ba."

Ya mayar da kan batir, ya soka fulogin, fankar ta tashi. Har muka shigo Bauchi yatsansa na komawa kan fulogin, bai sake ɗumi ba. Inna ta tarbe mu a zaure, ta buɗe kwalin tun kafin ta ce mana sannu da hanya, tsakin suka ruga kan ruwa. Ko ɗaya bai mutu ba.

Yau ni ma direba ne, sai dai ban gaji haƙurinsa ba, Allah Ya yafe mini. Fulogi ya yi ɗumi in cilla shi daji in sayi sabo, yaro ya yi kuka in daka masa tsawa. Baba ya rasu, motar ta zama ƙarfen awo. Da zan samu, da na sake tsayawa a gefen titin nan ina kallon hannunsa.