Karatun da Yaya Ya Yi Mini Noma

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Kebbe ba a taɓa cin bashin banki don karatu ba. Bashina na fartanya ne. Duk shekarun da na yi a jami'a yayana ne yake nome gayaunata tare da gonarsa, ya sayar da geron ya aiko mini. Abin da na karanta shi ne nazarin al'adun mutane: yadda suke aure, yadda suke rabon gado, yadda suke faɗa da shiri. Ranar da na yi wa 'yan majalisar ƙofar gidanmu wannan bayani, wani tsoho ya ce, "To ai wagga gulma ce, ita ma sai an tahi jami'a?" Aka kwashe da dariya, har da ni, amma dariyata ta yaƙe ce.

Da na gama, abokaina da suka karanta lissafin kuɗi da aikin asibiti suka kama aiki. Ni kuwa na yi ta yawon nema har takalmina ya gaji, a ƙarshe na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tambuwal. Albashin ba ya ganin tsakiyar wata. Yaya bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun nasa ya fi gori ciwo. In aka tambayi me na karanta a gabansa, sai ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

Ana nan wata shekara, gero ya fara kai, shanun Ardo suka shiga gonar Yaya suka yi ɓarna. Ardon nan ba baƙo ba ne. Tun zamanin kakanmu danginsa ke sauka a gonarmu da rani, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Yaya ya aika a kira shi, bai zo ba. Ya sake aikawa, shiru. Sai ya rantse kotu ce za ta raba su, kuma ba saniyar da za ta ƙara taka masa gona. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar da gidan ba mai walwala. Na san in aka je kotu zaman ya ƙare, gonar kuma ba za ta yi albarka ba in babu taki.

Ni na san ba raini ne ya hana Ardo zuwa ba, kunya ce. Dattijon Bafillatani ya fi son a ce ya yi girman kai da ya tsaya gaban sa'an ɗan cikinsa yana ba da haƙuri. Kuma binciken da na yi na gama jami'a a kan wasan da ke tsakanin Fulani da maƙera ne. Maƙeri yana iya gaya wa Bafillatani duk maganar da ya ga dama, ya ƙwace masa abu ma, shi kuwa ba damar fushi. Kowa a ƙauyenmu ya san da haka, amma an mayar da shi abin nishaɗin ranar kasuwa kawai.

Na ɗauki tsohon maƙerin unguwarmu a kan babur muka nufi ruga. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Kai bawana, shanunka sun hi ka hankali! Su sun san hanyar gonar mutane, kai ba ka san hanyar gidansu ba?"

Ardo ya ce, "Wa ya sako wanga baƙin maƙeri da sahe?" Amma yana murmushi.

Maƙerin ya fizge malafar da ke kan Ardo ya kifa a nasa. "In kana son abinka, ka iske ni zauren yaron ga."

Haka Ardo ya biyo mu, wai ya zo karɓar malafa. Da ya zauna a zaure ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce wa Yaya, "Ɗana, yara sunka yi sakaci, amma shanun nawa ne." Ya yi alkawarin hatsi in an yi girbi, da zama a gonar har faɗuwar ruwa. Yaya, wanda ya kwana biyu yana huci, sai ga shi yana cewa a kawo wa baba fura. Ni dai ina gefe, daɗi kamar ya kashe ni.

Har yau albashina yana nan yadda yake, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai yanzu in rigima ta taso tsakanin manomi da makiyayi a wajenmu, har daga Fakku akan aiko a ce malamin nan ya zo. Kwanan baya wani baƙo ya tambaye ni a majalisa me na karanta. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ni.

"Sanin mutane ya karanto," in ji shi. "Ni na yi mishi noma."