Lambar Ƙwanni

Shekarun baya, ba a daɗe da karɓar mulkin kai ba, na gama karatun likita, aka ba ni gurbi a wani babban asibiti inda zan zauna ƙarƙashin manyan likitoci in ƙware. Lokacin likitoci 'yan Arewa da yatsu ake ƙirga mu, don haka kaina ya yi girma ba kaɗan ba. Farar kwat har biyu na ɗinka tun ban ga ƙofar asibitin ba.

Ƙa'ida ce kafin sabon likita ya taɓa majiyyaci sai an duba lafiyarsa. A ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, a gwada jini da fitsari, sannan a ga shaidar an yi maka lamba, wato rigakafin agana. Ban ga laifin wannan ba, har gobe ma ba zan gani ba. Duk na wuce lafiya lau, sai da aka zo kan lamba.

Jami'in da ke cika takardar ya ce in naɗe hannun riga. Ya duba damtsena na hagu, bai ga komai ba. Na juya masa hannu na nuna masa tabon, ga shi nan ɓaro-ɓaro ƙasan gwiwar hannu. Ya ajiye alƙalami, ya tambaye ni garinmu. Da na ce Illela sai ya yi wata 'yar dariya da har yau ina jin ta a kunnena. Wai ai ya san mu mutanen bakin iyaka. A Najeriya a damtse ake lamba, wadda ke ƙasan hannu ta Faransa ce, gurbin nan kuwa na 'yan Arewa ne, ba na mutanen Nijar ba. Ya ba ni mako biyu in kawo shaidar ni ɗan ƙasa ne, in ba haka ba a ba wani.

Na zage na yi masa bayani irin na sabon likita, cewa jiki bai san damtse ba bai san ƙasan hannu ba, in lamba ta kama ta kama. Ya ce shi ba likita ba ne, abin da takarda ta ce shi ya sani.

Kwana uku na yi a hanya, jirgin ƙasa sannan bayan babbar mota, ina ta cika ina batsewa. Abin kunyar shi ne fushin nan bai tsaya kan jami'in ba. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana gyaran albasa, ko gaisuwa ban ƙarasa ba na tambaye ta me ya kai ta Ƙwanni, can cikin Nijar, yi mini lamba, ga shi yanzu aikina zai salwanta. Ni da na yi shekaru ina karatu, wai tsohuwata na zo tuhuma.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce shekarar da aka haife ni agana ta shigo Illela, ta ɗauke yayyena biyu cikin mako guda. Na san an yi su sun rasu, amma ba wanda ya taɓa gaya mini yadda aka yi, a gidanmu ba a tayar da zancen. Aka ce mai lamba na tafe daga Sakkwato, suka jira har suka gaji. Da ta ji ana yi a Ƙwanni ran kasuwa, ta goye ni ta taka da ƙafa, mahaifina ma yana fatauci bai sani ba.

Sannan ta dube ni ta ce, "Ka koma ka hwaɗa mai, in 'yan Najeriya na gaske shika nema, waɗanda ba su da tabon Faransa, ga su can kwance bayan gari su biyu. Shi taho in gwada mai."

Na rasa inda zan sa kaina.

Bayan kusan mako guda hakimi ya ba ni takarda, limamin da ya raɗa mini suna ya yi shaida. Na isa asibiti saura kwana ɗaya. Jami'in ya karɓa yana yatsina fuska, ya ce to batun ƙasa ya wuce, amma takardarsa damtsen hagu ta ce, sai an sake mini lamba a can ta yi tabo. Aka tsaga mini fata, na jira mako guda, ba ta kama ba. Aka sake, shiru. Aka yi ta uku. Abokaina da muka zo tare suna can suna zagayen marasa lafiya, ni ina kan benci da bandeji a hannu, kwat ɗina na ninke cikin akwati.

Wata rana wani dattijon likita ya zo wucewa, ya tambayi abin da ya zaunar da ni kullum a wurin. Ya kama hannuna ya duba tsohon tabon, ya ce ai ba za ta kama ba, wanda ya yi ta farko ya iya aikinsa. Ya karɓi takardar ya sa hannu a tsaye. Abin da ya ci mini kusan wata biyu bai kai shi minti ɗaya ba.

Daga baya ni ma na duba sababbin likitoci da yawa, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa kan rigakafi ba. Amma har yau raina na ɓaci in na tuna cewa cikin duk makonnin nan ba wanda ya tambaya ko lambar ta kare ni, kowa inda take ya dame shi. Matar da ta binne 'ya'ya biyu ta taka ta ceci na uku, ita aka mai da mai laifi, har da ni cikin masu tuhumar.

Saƙon nata kuwa ban taɓa isar da shi ba. Ranar da na miƙa wa jami'in takarda yana bakina, na haɗiye, don ina tsoron gurbina. Da na je gida hutun farko, ina ajiye akwati ta ce, "Ka hwaɗa mai?"

Na ce na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da aikinta, kuma har ta koma ga Allah haka ta sani.