Katin Ci Sau Uku da Na Sa Ummata Ta Saya

Shekarata goma sha tara a lokacin, 'yar Obiagu ce ni a Enugu, mai baki da son a gan ni cikin manya. Babanmu ɗan kasuwar albasa ne da ke kai kaya kasuwar Head Bridge, ya rasu ina firamare. Tun daga nan Umma ke riƙe da ni da kuɗin wainar da take soyawa a bakin masallacin unguwarmu. Ni kaɗai gare ta. Tana da hawan jini, amma ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, don kullum a tsaye nake ganinta gaban tanda.

Da na samu gurbi a wata jami'a mai zaman kanta a bayan garin Fatakwal, abokan kasuwancin babanmu suka ɗauki kuɗin makaranta da na ɗaki, suka ce abinci kuwa na iyaye ne. Dokar makarantar ita ce ba a girki a ɗaki, ba a shigo da dafaffen abinci daga waje. Kowa sai ya sayi katin ci na zango guda. Katin iri uku ne: na sau ɗaya a rana, na sau biyu, da na sau uku. Abincin da ka bari ya wuce ya tafi ke nan, kuma haramun ne ka sayar wa wani. Umma ba ta yi boko ba, ni na karanta mata takardar da makarantar ta bayar. Wallahi ina sane na tsallake layi biyu, na ce mata kati ɗaya ne, na sau uku, kuma dole ne. Ta ce ba komai, Allah zai rufa asiri, ita dai kada in zauna da yunwa a garin mutane.

Ba don cikina na yi haka ba. Tun kafin in tafi wata ta tsegunta mini yadda ake yi. Masu katin sau ɗaya yunwa kan kama su da yamma, sai in karɓo abincina a roba in sayar musu a ɗaki da rahusa. Kuɗin su tafi a takalma, turare da data. Ina taƙama ni mai dabara ce, har ina yi wa wasu dariya. Kaico! Duk hutu na tarar Umma ta ƙara ramewa, in na tambaya ta ce zafin wuta ne, ni kuma in yarda don yardar ta fi mini sauƙi.

A shekara ta uku matar da ke zuba mana abinci ta gano ni, aka ce sai na kawo mahaifi. Ranar ce farkon da na san Umma ta rufe tandarta. Ta hau mota tun daga Enugu, ta iso da mayafinta na zuwa biki. Wani jami'in makarantar ya shimfiɗa takardar nan a gabanta, ya yi mata bayani da Turancin Buroka, wanda take ji sarai, ya lissafo mata katunan uku ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Na jira ta juyo ta zage ni, ko ta mare ni, da na samu sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne kada a ƙwace katin, wai yarinyar ba ta jure yunwa tun tana ƙarama. A bakin ƙofa ta ciro ƙullin gari da ƙuli-ƙuli ta ba ni, ta tambaye ni ko na ci wani abu yau, ta hau okada ta tafi tasha.

Bayan mako bakwai ta faɗi a gaban tanda, ɓarin jikinta na dama ya shanye. A asibiti maƙwabciyarmu, wata nas Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta ja ni gefe tana kuka tana faɗa. Ta ce tun shekarar da na shiga jami'a Umma ta daina sayen maganin hawan jininta a kai a kai, sai ciwon kai ya matsa mata take sayen ƙwaya biyu ko uku. Ta sha yi mata magana, Umma ta ce katin yarinya ya fi, ta kuma haɗa ta da Allah kada ta gaya mini. Ƙarin da na ɗora mata tsakanin katin sau ɗaya da na sau uku ya isa ya saya mata maganin har da saura.

Na ƙarasa karatun da katin sau ɗaya, wanda kawuna ya biya, kuma yunwa ba ta kashe ni ba. Abin da na koya shi ne iyayenmu ba sa cewa babu, daga jikinsu suke yankowa su ba mu. 'Yan uwana ɗalibai, don Allah in an ba ku takardar makaranta ku karanta wa iyayenku, ku karanta ta duka, kada ku ci amanar wanda bai iya duba bayanku ba. Ni yanzu ni ke ba Umma abinci a baki, maganarta ba ta fita sosai. Na nemi gafararta ya fi a ƙirga, ta ɗaga mini kai alamar ta yafe, amma zuciyata ta ƙi hutawa. Har yau duk sanda na kai cokali bakinta, sai ta sa hannunta mai lafiya ta turo shi wajena, wai in fara ci.