Wilin da na auna da tef ɗin ɗinki

Shekarun baya, lokacin muna gidan haya a Gwadangaji, maigidana yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake ɗauko albasa da shinkafa daga Argungu yana kawo wa 'yan kasuwa a Birnin Kebbi, kuma da ita muke ci. Ni kuwa tela ce, kekena yana ɗaki, mata suna kawo mini ɗinki har gida.

Maigidana mutumin kirki ne, amma yana da hali guda da ya daɗe yana ci mini rai: ba ya karɓar komai daga hannuna. Ko gishiri na saya da kuɗin ɗinkina, in ya gane, da yamma sai in ga ya shigo da wani ƙullin ya ajiye kusa da nawa. Na taɓa sayen shadda na ɗinka masa riga, ya yi godiya kamar zai durƙusa, ya ninke ta, ta shekara biyu a akwati. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Abin mace nata na." Ƙawayena suna cewa na yi sa'ar miji, kuma na yi. Amma ni a raina ina jin kamar baƙuwar da ake girmamawa, wadda ba a bari ta ɗauki ko tsintsiya. Ina so sau ɗaya in yi masa abu ya karɓa.

Ƙarshen wata damina, yana dawowa daga wajen Zauro da lodin shinkafa, ya faɗa wani rami da ruwa ya haƙa a hanya. Allah ya tsare shi, amma wili biyu suka lanƙwashe, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a jiki, tayoyinsu kuma suka fashe. Sauran biyun dama sun suɗe. Aka jawo motar har ƙofar gida aka ɗora ta a kan duwatsu.

Wata biyu tana nan. Kullum da safe sai ya fita da tsumma ya goge ta, ya dawo ya zauna. Lokacin albasa yana matsowa, masu ba shi lodi sun fara ba wasu. Na ce masa ina da abin da na tara na ɗinkin Sallah, ya ɗauka ya tada mota. Ya ce in bar zancen. Na bari a baki, amma ban bari a zuciya ba.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai matar wani ɗan kasuwa, mutanen kudu ne amma sun daɗe a Birnin Kebbi, har ta fi ni iya Kabanci, Hausarmu ta Kebbi. Ranar nan ina gwada mata riga take ba ni labari cewa injin bas ɗinsu ya buga, mijinta ya sayar da ita gunduwa-gunduwa, saura wili huɗu da tayoyinsu kusan sababbi a bayan madafa suna tare mata wuri. Na ce kar ta sayar wa kowa sai ta ji daga gare ni.

Washegari da maigida ya fita, na zura hijabi, na ɗauki tef ɗina da littafin awo, na tsuguna gaban mota. Na auna tsayin taya, na auna faɗi, na zagaya tef na auna kewaye, na auna bakin ƙarfen. Har ramukan noti na ƙirga, biyar cif. Na rubuta duka a ƙarƙashin awon wata amarya. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Ke kuma riga za ki yi ma mota?" Na ce mata ta jira ta gani.

A gidan matar nan na sake tsugunawa. Tsayi ya yi daidai, faɗi daidai, kewaye daidai, ramuka biyar. Ga su da kyau kuma, an yi musu wasu ƙofofin ado masu kusurwa uku kamar samosa. Ita dai baiwar Allah ba ta cuce ni ba. Sai da ta ce mini, "Maman yara, ki bari maigidanki shi zo shi diba. Ni ban san sha'anin mota ba, mijina kuma ya tai kudu."

Na ce, "Shekara nawa nike auna ki? Na taɓa yi miki riga tam matse?"

Ta yi dariya ta ce a'a. Muka yi ciniki, ta sallama, keke mai ƙafa uku ya yi sawu biyu ya zube mini su a zaure.

Da maigida ya dawo ya gan su, na ga fuskarsa ta fara irin canjin nan da na sani. Ban bari ya fara magana ba. Na ce, "Malam, na roƙe ka, kak ka maida waɗanga. In ka maida su, to na san ni ado ta kawai gidan ga." Hannuwana duk baƙin taya. Ya dubi hannuwan. Sannan ya sunkuya ya shafa zanen taya ɗaya da yatsa, ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Ranar ko tuwo na kasa ci don daɗi.

Da safe ina ɗaki ina jin ƙarar ƙarfe a ƙofar gida, ana bugawa, ana juyawa. Can sai na ji shiru, shirun kuma ya yi tsawo. Na leƙa ta zaure na gan shi zaune a kan wili ɗaya, sifana a hannu, yana kallon ƙasa. Na ce, "Lahiya?" Ya ɗago da sauri ya yi murmushi ya ce lafiya lau, sai dai aikin ba na ƙofar gida ba ne, sai an kai su wurin mai faci. Wani abokinsa ya zo da mota suka kwashe su, har da tsofaffin.

Bayan kwana uku mota ta sauka daga kan duwatsu. Ya kira ni in gani. Ga tayoyina nan, na gane zanensu, kuma ya saya wa kowane wili murfin roba mai ƙyalli ya rufe. Na ce a raina, dubi yadda ya girmama kyautata, har hula ya saya mata. Ya ce, "Kin tada mota." Satin nan ya koma hanyar Argungu, bai rasa lokacin albasa ba.

Daga nan fa aka shiga uku da ni. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji labarin wili. Na riƙa cewa bakanikai suna wahalar da mutane a banza, sha'anin mota duk awo ne, wanda ya iya tef ya gama. Har wata na ba shawara in motar mijinta ta samu matsala ta kira ni. Alhamdu lillahi ba ta kira ba.

Wajen wata takwas bayan haka, ƙanwar maigida ta haihu, muka tafi suna Argungu, gidan surukata da muke kira Inna. Tsakar gida cike da mata, ana yanka albasa ana gyaran kifi. Ban san yadda aka yi ba, zance ya biyo ta kan mota, ni kuwa na gyara zama na ɗauko labarina tun daga farko. Na lura mai jego ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka ɗinkin haihuwa ne yake damunta. Inna kuwa ta katse ni a tsakiya ta ce, "Ɗiyata, tashi ki iza muna wutar shinkahwa."

Na tafi bayan ɗaki inda aka jera manyan tukwane. Na tsuguna zan tura itace, sai na ga wuta tana leƙowa ta wasu ƙofofi masu kusurwa uku. Na dubi murhu na biyu, haka. Na uku, na huɗu, haka. Wilina ne, duk huɗun, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kowanne da tukunya a kansa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Kunya ta fara zuwa, sannan haushi. Na tuna duk matan da na cika wa kunne, na tuna kafaɗun mai jego. Ashe dangin nan kaf sun sani, wata takwas suna dafa abinci a kan gwanintata.

Inna ta biyo ni, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Da gangan nit turo ki. Na gaji da ganin ana yi miki dariya a ɓoye, gara a yi da ke." Na ce, "Inna, mi yas sa bai hwaɗa mini ba?" Ta ce ranar da ya kawo su ya ce mata ramukan ba su hau ba. Biyar ne kamar nasa, amma tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta kaɗan, noti ɗaya ya shiga, huɗu su ƙi. Tayoyin kuwa sun yi daidai, shi ne mai faci ya ciro su ya ɗaura a kan nasa biyu masu kyau, sauran biyun ya ba da buhun shinkafarsa aka ba shi wasu. Ta ce, "Nic ce mai shi sai da waɗanga ga masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarhe. Yac ce, Inna, abin da tab ba ni ba ya zuwa bola. Ki aje su, ki yi amfani da su, amma kowa shi kama bakinai."

Ni da na san in ramin maɓalli ya kauce da faɗin farce riga ba ta rufuwa, na auna komai na bar tazarar ramuka.

A hanyar dawowa ban ce masa ƙala ba har muka yi nisa da gari. Shi kuma ya ga alama, sai satar kallona yake yi. Can na ce, "Shinkahwar suna ta yi daɗi. Murhun na da kyau." Ya rage gudu, ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya ce, "Ban yi miki ƙarya ba. Cewa niy yi kin tada mota, kuma kin tada ta. Tayoyin da muke kai yanzu naki na."

Na ce, "Ka bari ina ta zuba gaban mutane."

Ya ce, "Na so in hwaɗa miki tun da sahen nan. Sai kinka leƙo ta zaure, na ga huskarki. Na san in na ce ba su yi ba, ba ki ƙara ba ni komi har abada. Ni kuma ranar nan nif fara koyon amsa."

Na so in riƙe fushina ya kai mu gida, amma na kasa. Na juya ina kallon gonakin shinkafa ta taga don kar ya ga idona. Juma'ar da ta biyo, ba tare da na ce komai ba, ya buɗe akwati ya ciro shaddar nan ya sa. Ta ɗan matse shi a ciki, don shekara biyu ba wasa ba ce, amma haka ya tafi masallaci da ita.

Yau motar ta daɗe da barin hannunmu, Inna ma Allah ya yi mata rasuwa. Har yanzu in na shiga Argungu ƙanwar maigida "bakanike" take kirana, ni kuma ina amsawa. Abin da na ɗauka daga wannan labari ba shi da yawa. Na daina sayen abin da ban sani ba ba tare da na tambayi masu shi ba, wannan kam na ji a jikina. Amma abin da ya fi zama mini shi ne, ina ta fama in koya wa mutumin nan karɓar kyauta, ban san cewa ranar da ya karɓa ya fi ni bayarwa ba.

Da aka zo raba 'yan kayan Inna, aka tambaye ni ko akwai abin da nake so na tunawa. Na ce murhu ɗaya. Yana nan bayan madafata, a kansa nake suyar naman layya. Ranar da aka kawo shi na ɗauko tef na auna tazarar ramukan, na je na auna ta wani tsohon wilin motar nan da maigida ya bari jingine a zaure. Bambancin bai kai faɗin ɗan yatsana ba. Maigida yana tsaye yana kallona, ya ce, "To, tela, ya awo?" Na ce masa ya yi daidai.