Fuskar Mama Alisabatu

Duk sabon shiga da ya je wurin Shekwolo mai hoto a Ketaren Gwari, cikin Minna, don ya taya shi zaɓen kyamara, faɗa yake fara sha kafin shawara. Ba mugu ba ne. Abin da aka yi masa ne har yau yake cin ransa, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Ɗan manoma ne daga wajen Tagwai. Da waya ya fara ɗaukar hoto a bukukuwan coci, amma shisshigin wayar ya ishe shi: ka ɗauki tsohuwa, ta shafe mata fuska sumul kamar an bi ta da dutsen guga. Uwarsa kuwa, Mama Alisabatu, tana da tsage a kumatu, kafaɗarta ta yi kanta, domin irin matan Gbagyin nan ce da ba sa ɗaukar kaya a ka. Itace ne ko doya, a kafaɗa take ɗauka. Jiki ya fara ƙi mata, ga shi ba ta da hoton kirki ko ɗaya. Shekwolo ya rantse sai ya ajiye wa jikokinta fuskarta yadda Allah ya yi ta.

Ran da ya je sayen kyamara, mai shago ya miƙo masa wata 'yar ƙarama mai sheƙi.

"Oga, wannan da kanta take gyara mutum. Baƙi ma fari yake fitowa."

"Gyara na ce maka ina nema?" in ji Shekwolo.

Ya ɗauki wata tsohuwa mai nauyi, irin wadda ake kwance wa ido a ɗaura wani. Ya leƙa, ya murɗa, sai ga bayan hannun mai shagon ya fito da kowace jijiya. Ita ya saya.

Damina guda ya yi yana fama da ita. Yau hoto ya yi duhu, gobe ya yi dishi-dishi, tsohuwa tana ta yi masa tsiya wai ya sayo abin da ya fi ƙarfinsa. Wata safiya tana dawowa daga gona da ƙwarya a kafaɗa, ta juyo za ta yi masa magana, ya danna. Komai ya fito, har giɓinta.

Bayan girbi ta rasu. Wansa Christopher, mai aiki a Abuja, ya ce a turo masa hoton, shi zai buga riguna da babban hoton jana'iza. Da aka warware kayan a harabar coci, sai ga wata farar mata mai santsin kumatu. An goge tsagen, an cike giɓin, an yanke ƙwaryar da kafaɗar gaba ɗaya.

"Yaya, wace ce wannan?"

"Mama ce mana. Na sa an ɗan gyara ta. Mutanen ofis ɗinmu za su zo, so kake su ga uwarmu a haka?"

A haka! Matar da ta biya masa makaranta da wannan kafaɗar! Shekwolo ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ga akwatin gawa a gabansu. Haka ya yini yana ɗaukar hoton dangi sanye da fuskar wata baƙuwa.

Ya wanke ainihin hoton, babba, ya kafa a shagonsa. Da Kirsimeti Christopher ya kawo iyalinsa Minna. 'Yar Christopher, Vivian, wadda ba a cika kawo ta ƙauye ba, ta shigo shagon gaishe da Shekwolo sanye da rigar jana'izar. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Baba ƙarami, hoton nan ya yi kyau," in ji ta. "Wace tsohuwa ce?"