Wancan na Birni

Mu huɗu ne a cikin wannan magana: Inna, wadda ta haife mu, ni, ɗanta na fari, autanmu, wanda ya zauna tare da ita a Argungu yana sana'ar su da noman shinkafa, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta bakinta saƙon Inna yake iso mini. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Al'ada ta ɗora mata kunyar ɗan fari, ita kuwa ta riƙe ta da gaske. Idan ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "wancan na Birni".

A shekarar da na fara koyarwa a Birnin Kebbi, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, likita ya tabbatar tana da ciwon sukari. Ni na kai ta asibiti, ni na sayi ƙwayoyin, na kuma bayyana wa Gwaggo cewa ɗaya ake sha kowace safiya, tare da abinci. Inna tana zaune ta ba ni gefe, tana tsintar shinkafa a faifai. Ko kallon kwalbar ba ta yi ba.

Auta kuwa ya shiga fadama ya yago ganyen garafuni, ya haɗa da sassaƙen maɗaci, ya jiƙa a ƙwarya. A tsakar gida take sha, a gaban kowa, tana yamutsa fuska saboda ɗaci, tana dariya, tana sa masa albarka da sunansa. Duk ƙarshen mako ina shigo mota in zo, in tarar jiƙon ya ragu, kwalbata kuwa ban sake ganinta ba. Na ɗauka an jefar da ita bayan rumbu. Da na faɗa wa auta cewa ɗaci ba shaidar magani ba ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, naka na kwalba, nawa na daji. Ita ta san wanda ta zaɓa." Wannan magana ta bi ni har cikin aji.

Wata safiya ta lokacin kaka, wani direba ya same ni a makaranta da labarin cewa Inna ta faɗi. Tana dafa shinkafa mai ƙaiƙayi don shanya, ba ta karya kumallo ba, sai gumi ya keto mata, jikinta ya ɗauki rawa, ta kife a kan tukunyar.

A asibiti likita ya ce sukarinta ne ya sauka fiye da kima, ya tambayi abin da take sha. Auta ya ce jiƙo kaɗai. Sai Gwaggo ta fito da kwalbata daga cikin kwallar Inna, saura 'yan ƙwayoyi a ƙasa. Ashe kullum tana sha, a ɗaki, ta saki labule, don kada a ga tana girmama abin hannun ɗan fari. Likita ya ce jiƙon da ƙwayar duk sauke sukari suke yi, jiƙo kuma ba shi da awo. Wajibi ne mai shansa ya sanar da likita kafin ya haɗa shi da wani magani.

Na tsaya a gefen gadon ina jiran ta buɗe ido ta dube ni. Da ta farfaɗo, auta ta nema, da sunansa. Sannan ta juya ga Gwaggo, ta ce ta bar jiƙo, ta ƙara da cewa, "Ki ce ma wancan na Birni shi ci gaba da sayowa. Shi ba ƙanenai, in amsa daga hannunai."

Haka aka yi. Ni nake sayowa, auta yake miƙawa a tsakar gida, shi ake sa wa albarka da ƙarfi, ina zaure ina ji.

Abin da aka rasa a safiyar da ta faɗi: haƙoran gaba biyu, tukunya ɗaya, shinkafar da ke cikinta, da fatar bayan hannun Inna na dama.